Sake ma bashe inji: auna kafin ka biya

Ɗan'uwa mai karatu, in kana zaune Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ka san bashe. Ita ce ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda mutanen Najeriya ke ce ma akori-kura. Da kaka ita ke kwaso aya da wake da riɗi daga ƙauyukan Cadawa da Gangara zuwa bakin kwalta. Ita ke kai awaki kasuwa. In haihuwa ta gardama cikin dare a Cadakori ko Saye Sabuwa, sau da yawa ita ke kai mace asibiti. Saboda haka ran da bashe ta kwanta, gari duka ke jin jiki.

Mafi yawan motocin ga sun tsufa. Fijo 404 ta fara fitowa a 1960, 504 kuma a 1968. Masana'antar harhaɗa Fijo ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta daina yin 504 a 2006. Ka ga ke nan ko autarsu ta manyanta. Toyota Hilux da ke yawo a hanyoyinmu, su ma da yawa sun sha duniya kafin su iso nan. Jikin mota shina ɗaukar walda shekara da shekaru. Amma inji in ya gaji ya gaji: ya riƙa shan baƙin mai, ya riƙa hayaƙi, ya kasa tudun rairayi. A nan ne mai mota ke shawarar sake inji.

Sabon inji ya fi ƙarfin talaka. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa, kuɗin kayan Turai ya ninka. Jama'a sunka ƙara raja'a ga na hannu, wanda anka ciro daga tsofaffin motocin Turai, ana ce mishi ɗan Beljiyam. Wasu ta tashar jirgin ruwa suke shigowa. Wasu a Kano ake sayo su, kasuwar Ƙofar Ruwa, su biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. A 2023 anka rufe iyaka da Benin, kayan da ke biyowa ta Kwatano sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Abin da nike so ka gane shi ne, inji daga nesa yake zuwa. In ka sayo wanda bai dace da motarka ba, maida shi ya fi sayensa wuya, ga kaka tana wucewa mota na kwance a garaji.

Wuri biyu aikin ga ke cijewa. Ko inji ya ƙi zama, ko ya zauna ya ƙi tashi.

Karanta lamba tukuna

Kowane inji na da suna. An buga shi da haruffa da lambobi a jikin ƙarfensa, ko a wani ɗan allo da anka manna. Goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, ka kwafe abin da ka gani cikin littafinka, harafi bayan harafi. Ko ba kai ne mai mota ba, kai da ka iya karatu za a kira ka duba. Ranarka ke nan.

Injunan fetur na tsofaffin Fijo ƴan ɗaki ɗaya ne. Akwai XC mai girman 1618, akwai XM mai 1796, akwai XN mai 1971. Lambar tana nuna faɗin cikin inji, kamar yadda tiya ke nuna yawan hatsi. Dukansu a kishingiɗe suke zama cikin mota, sun karkata gefe guda. In ka gan su a ƙasa sai ka rantse abu ɗaya ne. Na gazuwal kuwa, irin XD2 mai 2304, wani gida ne daban. A wajen Toyota, 22R da 4Y na fetur ne, 2L da 3L na gazuwal.

Shawarata, ka tsaya cikin dangi. Fijo a maida mata Fijo, Toyota a maida mata Toyota. Ana sa injin Toyota cikin Fijo, kuma ana samun makanikan da sunka gwanance da haka. Amma sai an sayo shi tare da akwatin giyarsa, wanda makanikanmu ke ce ma bwat. Sai an sake ƙafafun inji, an yanke sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya an daidaita tsawonta. Sandar ga in mai walda ya haɗa ta da ido kawai, ba a ɗora ta bisa injin tur an ga miƙewarta ba, mota za ta riƙa rawa in ta ɗauki gudu, ta cinye bwat ɗin a hankali. Arhar da ka gani wurin saye a nan take zubewa.

Ran tafiya sayen inji kada ka tafi hannu sake. Tafi da littafi, da metir na awo, da tsohon diskin ambirayaj ɗinka, wato kuloci. A tsakiyar diski akwai rami mai ƴan haƙora, nan sandar bwat ke shiga. Ƙidaya haƙoran, ka rubuta. Auna faɗin diskin, ka rubuta. Bambancin haƙori ɗaya ya isa ya hana aure.

Sannan ka zagaya bayan injin da ake son sayar maka. Injin motar hannu na da faifan ƙarfe mai kauri da nauyi, mai haƙora a kewaye, a jikinsa kuloci ke kamawa. In ka tarar da faifai siriri kamar murfin tukunya, to daga mota mai canza giya da kanta anka ciro shi, otomatik. Ba a ce kada ka saya ba. Amma sai an maida faifan tsohon injinka, in ramukan notinsu sun yi daidai. Kuma a can tsakiya, a bakin sandar inji, akwai wani ɗan zobe da ke riƙe kan sandar bwat. Injin otomatik sau da yawa ba ya da shi. Zoben bai kai kwalbar turare girma ba, kuɗinsa kaɗan ne. In anka mance da shi, mota za ta tashi lafiya, ta yi ƴan makonni, giya ta fara gurnani tana ƙin shiga. A sake sauke komi saboda ɗan zobe.

Faifan nan kuma shi dimarar ke cizo ya juya inji. Dimarar da faifai tare suke tafiya. In haƙoransu ba su dace ba, za ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko dimarar ya yi ta juyawa shi kaɗai.

Duba ƙasan inji. Kwanon da baƙin mai ke taruwa ba siffa ɗaya gare shi ba. Na wata mota tumbinsa na gaba, na wata na baya. In tumbin ya faɗa bisa ƙarfen da ya gitta shasi, ko bisa sandar sitiyari, inji ba ya sauka wurinsa. Maganin shi ne a maida tsohon kwano. Sai dai a maida shi tare da bututunsa na tsotso da sandar awon mai, don su uku aikinsu ɗaya. In an sake kwano an bar sanda, awo zai yi maka ƙarya.

A nan ne wani makanike kan ɗauko guduma. Ka ji shina cewa: "Alhaji, kwantar da hankalinka. Noti biyu ne kawai ba su haɗu ba, da sauran ma tafiya take." Kai kuma ka ce mishi: "Malam, yi haƙuri, mu tsaya mu auna." Faɗa ba ta taso ba, domin shi ma so yake ka samu motarka da wuri. Amma inji da bwat dole su zauna a layi ɗaya. Akwai ƴan turaku biyu a bakinsu da ke daidaita su. In an danne su da ƙarfi, ko an cire turakun don ramuka su haɗu, kuloci ne zai riƙa mutuwa, ka yi ta zargin mai sayar da kaya alhali kayansa lafiya lau suke.

Sauran ƙanana ne, ido na ganinsu. A bar tazara tsakanin fanka da radiyatar, don inji na motsi in mota ta faɗa rami. Bututun salansa kada ya kusanci tiyon mai ko na birki. Ƴan na'urorin da ke gaya ma allon direba zafin ruwa da ƙarfin mai, a ciro na tsohon inji a sa, don su allon ya sani. Kuma tun inji na ƙasa a sake diskin kuloci da robar da ke tare mai a baya. In 2L ne ko 3L, a sake bel ɗin da ke cikin murfin gaba, mai haƙora. Ba ka san shekarunsa ba, in ya tsinke kuwa inji ya tafi.

Kada ka sayar da tsohon injinka ma ƴan gwangwan sai sabon ya yi wata guda shina aiki. Rumbun kayan gyara ne.

In daga fetur za ka koma gazuwal

Wannan sai an yi hattara, domin akwai rai a ciki. A motar fetur, injin da kansa ke zuƙar iskar da ke sa birki ya yi taushi a ƙafa, ya kama da ƙarfi. Injin gazuwal ba ya wannan zuƙa. Wani ɗan famfo ake ɗaura mishi. A Toyota 2L da 3L famfon na manne bayan alternatar, wato injin cajin batir. In an sayar maka da inji ba alternatar ɗinsa, an sa wani da ba ya da famfo, mota za ta tashi, ta yi gudu, amma birki ya zama dutse. Ka tuna bashe ranar kasuwa: buhuna a ƙasa, mutane a bisa, ga shanu na ƙetare kwalta. Kada mota ta bar garaji sai an gwada birki.

Bayan haka a wanke tanki. A ja tiyo na biyu wanda ke maida ragowar gazuwal tanki. A sa batir babba, don gazuwal ya fi wuyar juyawa. Injin ya fi nauyi kuma, gaban mota zai ɗan sunkuya. Takardar mota, kart giriz, tana nuna irin man da mota ke sha da ƙarfin injinta. In ka sake su, je a gyara takarda tun jandarma bai tambaye ka ba. Kuma ka karɓi rasit mai lambar inji daga hannun wanda ya sayar maka.

Ya zauna, ya ƙi tashi

Maganin rabin wahalar wuta tun ranar sauke tsohon inji ake yin sa. Kafin a zare kowace waya, naɗa mata ƴar takarda ka rubuta inda ta fito: dimarar, bobin, zafin ruwa, mai, caji. Aparanti zai yi maka dariya, ya ce duk a kansa suke. Bayan mako biyu wayoyi goma baƙaƙe na reto, kan nan ya mance.

To, an ɗaura inji, an murɗa makulli, shiru. A nan mutane ke ɓarnar kuɗi. Wannan ya ce bobin ne, a sayo. Wancan ya ce karbiratar ne, a sayo. Kai dai bi hanyar wuta daga tushe, kamar mai bin sawun ɓataccen rago.

Fara da batir. Cikakken batir na nuna 12,6 a mita. Sannan ka nemi wayar mas, kakkaurar wayar da ke haɗa jikin inji da shasi. Ita anka fi mancewa, don tana can ƙasa ba a ganinta. Inji bisa roba yake zaune, wuta kuwa ba ta bin roba. In babu mas, dimarar zai yi ƙas-ƙas kawai, ko wuta ta nemi hanya ta wayar totur har ta yi zafi. A kankare fenti da tsatsa a ɗaure ta bisa farin ƙarfe.

In inji na juyawa bai kama ba, abu uku yake nema: mai, da wuta, da lokaci. Mai ba ya da wuyar dubawa. Amma kada a tsiyaya fetur a bakin karbiratar mutum na leƙe. In inji ya yi atishawa, wuta ce ke fitowa ta nan.

Wuta daga makulli take zuwa bobin, wanda a Najeriya ake ce ma kwayil. Shi ke ɗaga ƴar wutar batir ta zama dubbai. Bobin na da ƙananan baki biyu, kuma an rubuta sunansu. Wani + da −. Na Jamus 15 da 1. Na Faransa BAT da RUP. Wayar makulli tana zuwa +, ko 15, ko BAT. Ɗayan bakin shi ke tafiya dilko. Ka ga inda harafi uku ke raba gardama.

Bobin ma iri-iri ne, kuma wannan na cikin manyan tarkon sake inji. Akwai mai shan wutar batir kai tsaye. Akwai wanda sai an sa mishi ɗan farin dutse mai rage wuta a gabansa. Akwai na dilkon zamani, wanda ba ya da bis palatine, wato kontak, sai ɗan akwatin lantarki. In ka haɗa bobin na zamani da dilko mai kontak, kontak zai ƙone cikin ƴan kwanaki. In ka cire farin dutsen nan, mota ta tashi da safe garau, bobin ya yi zafi a hanya ta mutu tsakanin Agye da Cadawa, ta huce ta sake tashi. Direba ya ce aljannu ne. Saboda haka in za ka sayi inji, ka ce a haɗo maka da dilkonsa da bobin ɗinsa da akwatinsa in shina da shi.

Gwajin wuta: a zare babbar wayar da ta fito daga tsakiyar bobin, a riƙe ta da filaya mai roba kusa da ƙarfen inji, tazarar da ba ta kai faɗin ƙaramin yatsa ba, a juya. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ce lafiya. Ja mai rauni, a duba kontak da kondansatar. A tsohuwar Fijo buɗewar kontak milimita 0,40 ce, bakin buji kuma, wato fulogi, 0,6. Da ƴan siraran ƙarafan awo ake auna su, kowane da lambarsa a jiki.

Saura lokaci, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Inji mai silinda huɗu ba ya ba su wuta bi da bi kamar ƙidaya. Ga yadda yake bi: 1, 3, 4, 2. Fijo da Toyota duka haka. Amma ina na ɗaya yake? Toyota daga gaba take ƙidaya, wajen radiyatar. Tsofaffin Fijo daga baya, wajen kuloci. Yaron da ya koyi aiki a kan Toyota, in ya nemo na ɗaya a gaba, sannan ya bi alamar da ke kan murfin dilkon Fijo, ya kai wuta gidan da ba kowa.

Dalili shi ne, fistan na 1 da na 4 tare suke hawa, tare suke sauka. Sandar inji kuwa sai ta juya sau biyu dilko ke juyawa sau ɗaya. Don haka alamar da ke kan fuli tana zuwa daidai sau biyu: sau ɗaya lokacin na 1 ne, sau ɗaya lokacin na 4. Wanda ya dogara da alama kaɗai, rabin sa'a gare shi. In ya faɗa a kuskure, inji zai yi ta harbi ta karbiratar ko ta salansa, ba zai tashi ba.

Yatsa ke raba wannan. A cire bujin silinda ta ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya inji da sifana a hankali, makulli a kashe. Sa'ad da ka ji iska na tura yatsanka, fistan na hawa a kan matsi ke nan. A ci gaba kaɗan har alama ta zo daidai. Buɗe murfin dilko. Inda ɗan yatsan da ke ciki ya nuna, nan wayar silindar ga za ta shiga. Sauran su biyo ta yadda ɗan yatsan ke juyawa: 3, 4, 2. Kada ka ɗauka kowane dilko dama yake juyawa. Duba da idonka, ka zana kibiya a littafi.

A Fijo 404 da 504 na farko akwai wata dabara. A saman kwanon kuloci akwai ɗan rami. Ana zura ƙarfe mai kaurin milimita 8, a juya inji a hankali har ƙarfen ya faɗa cikin wani tsagi a jikin faifai. Nan ne lokacin wuta. Sai a haɗa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin bakin RUP da jikin inji, a buɗe makulli, a murɗa dilko sannu-sannu har ƙwan ya kama, a ɗaure. A tuna a zare ƙarfen kafin a taɓa dimarar. In faifan na wani inji ne anka maida, tsagin na iya kaucewa kaɗan, sai a ƙarasa da kunne a kan hanya. Wuta in ta yi gaba, inji na ƙwanƙwasa a tudu kamar ana kaɗa tsaba cikin gwangwani, shina kuma tokare dimarar. In ta yi baya, ba ƙarfi, ga zafi, ga shan mai.

Gazuwal ba ya da buji mai tartsatsi. Nashi abu uku ne: wayar da ke buɗe mai a jikin famfo, da bujin ɗumama na safiya lokacin hunturu, da iskar da ta shiga tiyo wadda sai an fitar da ita.

Injunan Turai na baya-bayan nan kuwa wata magana ce. Ba su da karbiratar, kwamfuta ke ba su mai da wuta. Tun wajen 1998 dokar Turai ta tilasta a sa ma sababbin motoci makullin hana sata: kwamfuta ba ta buɗe mai sai ta gane makullinta. In an sayar maka da irin wannan inji tsirara, ba kwamfuta, ba damin wayoyinsa, ba makulli, to ƙarfe ka saya. Ga motar da ke kwana a Gidan Sori, nesa da mai na'urar bincike, ni dai na fi son injin da makaniken gari zai iya tayarwa da sifana da ƙwan fitila.

Da inji ya kama, idonka a kan jar fitilar mai. In ba ta mutu nan da nan ba, kashe. In ta mutu, sa mita a batir: 14 ko kusa da haka na nuna caji na tafiya. Bar shi ya yi zafi a tsaye, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Tafiyar farko a yi ta ba kaya ba fasinja, a dawo a sake bin notin ƙafafun inji ɗaya bayan ɗaya.

Tambayoyi da aiki

1. Injin XN ya fi XC girma da nawa? Yi lissafin a allonka.
2. Me ke faruwa da birki in an sa injin gazuwal ba famfon iska?
3. Wace waya ke zuwa bakin da anka rubuta BAT?
4. Je garajin garinku, ka gai da mai garaji, ka roƙi izini ka kwafo lambar inji guda biyu. Kawo su aji mako mai zuwa mu karanta tare.